Injiniya Sirajo da 'Yan Tsaki Ɗari Uku

In za a lissafa manyan mutanen unguwar Badariya, a fara da Injiniya Alhaji Sirajo, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a nemi na biyu. Allah Ya yi wa Birnin Kebbi arzikin malamai da manoman shinkafa da 'yan kasuwa, amma a fannin ƙarfe mai tafiya mutum ɗaya Ya ba mu, kuma Ya ba mu shi cikakke. Mota za ta wuce ta titi a guje, Injiniya na zaune yana ɓantarar goro, sai ya ɗan karkata kunne ya ce, "Waccan ba ta kai Jega." Ba wanda ya taɓa bin ta ya gani. Mu dai mukan girgiza kai mu ce ilimi kogi ne.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a sashen sufuri na wata ma'aikata. Direba ya kawo littafin fita, Sirajo ya duba, ya sa hannu, ya buga hatimi. Direba ya dawo, Sirajo ya sake dubawa, ya sake buga hatimi. Tafin hannunsa bai taɓa gaisawa da baƙin mai ba. Sunan Injiniya kuwa mu muka ba shi, a majalisarmu ta 'yan fansho, ranar da motar wani baƙo ta ƙi tashi, ya je ya ƙwanƙwasa bonet sau uku da zoben azurfarsa, ta tashi. Daga baya aka gano mai motar ne ya tuna bai taɓa makunnin sirrin da ya sa don ɓarayi ba. Amma suna ya riga ya kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa abu biyu muke da shi da yawa, lokaci da rabon muƙami.

Makaminsa littafi ne, wanda ya zo cikin aljihun motarsa tun daga ƙasar da aka ƙera ta. Da Jamusanci aka rubuta shi. Injiniya ba ya jin Jamusanci ko na gaisuwa. Amma in ka kawo masa kukan motarka, zai lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya tsura wa wani zane ido har ka fara jin tsoro, sannan ya ce, "Hmm. Abin da nake zato." Daga nan ya tura ka wurin bakanike. In an gyara, shi ya gano. In ba a gyara ba, bakanike bai bi umarni ba. A gaban idonsa ana ce masa Likitan Ƙarfe, yana so. A bayan ido matasa na ce masa Na-Jamus.

Kada a zalunce shi, ba wai bai san kansa ba ne. Wani lokaci yana gyara hula gaban madubi sai ya ji wani abu a ƙirjinsa ya ce, Sirajo, tsakaninka da Allah, me ka sani? Sai ya karkata hular ya fita da sauri, don ya lura tambayar ba ta bin mutum cikin jama'a.

Motar tasa 'yar Kwatano ce, shekara goma sha shida tana hannunsa, ya sa mata suna Dattijuwa. Ranar da ta iso ya tara mu ya yi jawabi.

"Bature don ƙanƙara ya ƙera wannan mota," in ji shi. "Mu nan rana gare mu. Saboda haka, tekinikali, dole a yi mata gyaran zama, ta san inda ta zo."

Kar kowa ya yi dariya, haka muke yi dukanmu. Mu da ba mu ƙera ko allura ba, da mota ta sauka sai mu taru mu gyara wa maƙerinta kuskure. Aka cire tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, aka jefar. Aka haɗa fanka kai tsaye, tana juyi tun daga kunnawa har kashewa. Aka zubar da koren ruwan da ta zo da shi, aka ɗura mata na rijiya. Sai hita, abin da ke hura ɗumi cikin mota. Tiyo biyu ne ke kai mata ruwan zafi daga inji. Injiniya ya ce a zare su a haɗa bakinsu da juna, wa zai sayi zafi a Kabi alhali ana raba shi kyauta? Muka ce gaskiya ne, aka zare.

To, Hajiya Baiwa, matar Injiniya, 'yar Argungu ce, malamar firamare da ta ajiye alli bara. Shekara talatin tana renon 'ya'yan mutane su girma su wuce, sai ta ce ita ma tana so ta ga abu nata na kanta yana girma a gabanta. Ta sayar da awakinta kaf, ta yi odar 'yan tsaki ɗari uku daga kudu. Ƙanwarta Ma'u ta share ɗaki guda a gidansu na Argungu, ta shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa, ta tanadi tukwanen gawayi. 'Yan tsakin za su sauka tashar Birnin Kebbi da safiyar Asabar, cikin tsakiyar ɗarin Janairu. Mai sayarwa ya ja mata kunne a waya. Ya ce za su kwana a hanya, ba za su iso da sauran ƙarfi ba, in sanyi ya buge su sai dai haƙuri. A kai su wurin ɗumi da wuri, shi ke nan.

Baiwa ta yi shirinta mai sauƙi. Za ta ɗauki shatar mota, ta lulluɓe kwalayen da bargo, minti hamsin ta isa. Kuskurenta ɗaya, ta faɗa a gaban mijinta.

"Shata?" Injiniya ya ajiye cokali. "Matar Injiniya, a motar haya, da bargo? Hajiya, so kike a yi da ni a gari? Dattijuwa na da hita. Hita ta Jamus, wadda ke narkar da ƙanƙara. 'Yan tsakin nan za su shiga Argungu kamar suna ƙarƙashin uwarsu."

"Ba ita ta kas sa anka yanke ba?" in ji Baiwa.

"Ba yankewa aka yi ba. Dakatar da ita aka yi."

Ranar Juma'a da hantsi ya kai Dattijuwa garejin Job. Job mutumin Filato ne, shekara ashirin da biyar yana gyaran mota a Birnin Kebbi, furfura ta fito masa cikin baƙin mai. Ya tashi a inda ake kunna hita don dole, ba don ado ba, kuma da hannunsa ya zare tiyon nan bisa umarni. Ya saurari buƙata, ya goge hannu da tsumma.

"Yallaɓai, hitan nan ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod. Shekara sha shida ba ruwa a ciki, tsatsa ya gama da shi. In aka haɗa, yoyo zai yi. Ka ba ni kwana biyu in nemo wani, ko kuwa ka bar Hajiya da bargonta."

Injiniya ya yi murmushin da yake yi wa direbobi in sun zo neman hutu.

"Job, Job, Job. Kai aikin hannu ka koya, ni aikin kai. Lokacin da nake kula da mota arba'in da bakwai, har da tankar ruwa biyu, kana ina? Tsatsa! Ƙarfen Jamus ba ya tsatsa, hutawa yake yi. Na lura ku mutanen gareji kun fi son abu ya yi tsawo."

Job bai yi fushi ba, ya saba. Ya raka shi har ƙofar mota ya ce, "To, abu ɗaya, Yallaɓai. In ka ji hita ya koma hura sanyi, alluran zafi kuma ya hau, ruwa ya ƙare ke nan. Ka kashe mota nan take. Kar ka ce bari in ƙarasa."

Injiniya ya ɗaga gilashi.

Bayan la'asar, da Baiwa ta shiga maƙwabta barka, ya sa sakata a ƙofar gida. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, yau ga ƙasa ga fili, ba kowa sai shi da Dattijuwa. Ya buɗe bonet, ya leƙa. Ashe haka cikin yake da yawa? Ya ɗora littafi a kan batir, ya dubi zane, ya dubi inji, ba su ko yi kama ba. Da ƙyar da addu'a ya gano tiyon biyu, ya raba su, ya cusa kowanne a bakin da ya ga ya dace. Ba shi da abin ɗaurewa na ƙarfe, sai ya yanko robar tsohon tuf na keke, abin da muke ɗaure duniya da shi tun daga kayan jaki har famfon masallaci. Ya ɗaure tam. Ya cika lagireto da ruwa, ya tayar da mota, ya murɗa makunnin hita zuwa ja.

Jama'a, sai ga ɗumi! Iska mai ɗumi tana shafar fuskarsa. Injiniya ya kusa hawaye. Shekara da shekaru ana kiransa da sunan, yau ya ji ya biya kuɗinsa. Har ɗan kanta ya fito masa a yatsa, ya dube shi da alfahari.

Yana cikin wannan daɗi ya ji ɗis. Ɗis. Ɗis. Ruwa ne ke ɗiga ƙarƙashin dashbod, daidai inda mai zaman gaba ke ajiye ƙafa.

Wani mutum da sai ya koma wurin Job. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma Injiniya ya riga ya naɗa. Sai ya tuna wani tsohon direban ma'aikata ya taɓa cewa in lagireto ya huje a daji, akwai garin da ake zubawa ya toshe hujin. Wane gari? Lokacin da direban ke bayani shi yana neman tawadar hatimi, bai ji ƙarshen ba. Sai ya yi aikin kai. Ana son abin da in ya haɗu da ruwan zafi zai yi kauri ya kama jiki. A duk faɗin ƙasar Hausa, me ya kai kuka? Ya shiga madafa a saɗaɗe, ya buɗe gwangwanin Baiwa, ya ɗebi hannu biyu. Ya tsaya ya yi tunani, motar babba ce, ya ƙara na uku, ya je ya zuba duka cikin lagireto.

Cikin minti goma ɗigar ta tsaya. Injiniya ya rufe bonet, ya ƙwanƙwasa shi sau uku.

Asabar, ana idar da sallar asuba, suna tasha. Irin sanyin nan ne da ke mayar da alwala jarrabawa. Injiniya ya ci ado, garin surukai za a je, farar babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, sitati na ƙara. Aka sauke kwalaye shida masu huji-huji, hamsin-hamsin, aka jera a kujerar baya. Baiwa ta leƙa ta wani huji, ta ga 'yan ƙananan abubuwa rawaya suna motsi, fuskarta ta yi haske irin wanda ya daɗe bai gani ba. Ta ajiye bargonta a kan cinya duk da haka.

Direbobin tasha suna ɗumi a bakin wutar mai shayi. Injiniya ya sauke gilashi don su amfana.

"Ku kuna ƙona itace," ya ce, "mu muna amfani da kimiyya. Zafin da inji ke zubarwa a banza, shi na karkato ya shigo ciki. Da hannuna na yi, jiya." Ya ɗaga yatsan mai kanta.

Suka fita gari lafiya. Ɗumi ya cika mota, 'yan tsaki na 'yar tsiwarsu a hankali, irin ta jin daɗi. Injiniya na tuƙi da hannu ɗaya, yana bayanin yadda ruwa ke zagaya inji, bayanin da ya ji a bakin Job jiya, ya ƙara masa gishiri.

Sun wuce Ambursa kaɗan Baiwa ta ɗaga hanci.

"Alhaji, ƙamshin miya nika ji."

"Ƙauye muke wucewa, Hajiya. Mutane na karin kumallo."

"Miyar ga babu daddawa cikinta."

Can kuma ta janye ƙafa, ta ce wani abu mai ɗumi da santsi ya jiƙa mata takalmi. Gilashin gaba ya fara yin hazo daga ciki, Injiniya ya goge da hannun riga, ya ce alamar hita mai ƙarfi ke nan. Sai iskar ta fara sanyi. Ya murɗa makunni har ƙarshe. Ta ƙara sanyi. Ya daki dashbod. Yanzu iskar waje ce tsagwaronta, ta fadama, ke shigowa tana bin kujerar baya.

Muryar 'yan tsaki ta canza. Wadda ta yi shekara talatin a aji ta san bambancin surutun yara da kukan yara. Baiwa ta juya ta yafa musu bargo, ta dubi gaban mota, ta ga allurar zafi ta haye har cikin ja.

"Alhaji, tsaya."

Nan ne wurin da ya kamata a faɗi gaskiya. Injiniya ya ga allurar kafin ita. Maganar Job ta dawo masa kalma-kalma, har da yadda ya riƙe tsumma. Ya sani sarai ruwa ya ƙare. Kashe hitar ma ya san ya kamata, ko don iskar ta daina dukan kwalaye. Amma kashe hita na nufin hita ta gaza, tsayawa kuma na nufin mai baƙin hannu ya fi mai littafi. Ya auna wannan da wancan, ya ga Argungu saura kaɗan, ya ƙara taka mai.

"Hajiya, allura ba ta tuƙa mota. Ni ke tuƙa mota."

"Ɗiyan ga kuka sukai. Don Allah ka tsaya."

Kamar an shirya, sai allurar ta yi rawa, ta fara saukowa. Ta sauko, ta sauko, ta kwanta a ƙasa. Ita allurar nan zafin ruwa take aunawa, in ruwa ya ƙafe ba ta da abin taɓawa, sai ta kwanta kamar komai lafiya. Wannan kowane direban tasha ya sani. Injiniya kuwa ya gyara zama, ya nuna ta da baki.

"Kin gani? Da na biye miki da yanzu muna bakin titi kamar marasa ilimi. Inji ya daidaita kansa. Shi ƙarfe mai asali, in ka nuna masa ba ka tsoro, sai ya..."

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Dattijuwa ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta saki wani farin hayaƙi, ta gangara gefen titi da kanta ta tsaya. Ya murɗa makulli, ta ce ƙyat. Ya sake, ko ƙyat ɗin ba ta ce ba.

Gefen gonakin albasa ne, rana ba ta gama fitowa ba, iska na tasowa daga kogi tana ratsa ƙashi. Injiniya ya fito da littafinsa, ya buɗe bonet, tururi ya tare shi. Murfin lagireto ya yi zafin da ba a taɓawa. Ya duba hagu da dama ba tsumma, sai ya naɗe littafin ya kama murfin da shi. Shekara goma sha shida, ranar ce littafin ya fara aiki.

Ya murɗa. Fuuu! Abin da ya rage a ciki ba shi da yawa, amma ya dahu. Kore shar, mai kauri, ya yi tsalle sama. Allah Ya taimaka Injiniya ya yi baya da saurin da ba a san yana da shi ba, fuska ta tsira, amma gaban farar shadda ya samu rabonsa.

Wani manomi mai suna Labbo ya baro injin ban-ruwansa ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya yi sallama, ya leƙa inji, ya shinshina. Ya dangwali koren abin da yatsa, ya kai hanci.

"Sannu, Alhaji. Kuka ta wagga. Wa ak kaɗa miya cikin mota?"

"Malam, wannan wani sinadari ne na musamman, wanda masana..."

"Shi as sa nig ga gwangwanina ya yi ƙasa," in ji Baiwa daga bayansu, muryarta ba ɗagawa.

Labbo ya dubi Alhaji, ya dubi Hajiya, ya gane gidan. Ya ce, "Ni dai ban yi boko ba. Amma injina na ban-ruwa, in nij ji ya ja iska babu ruwa, kashe shi nikai."

Baiwa ba ta tsaya jin sauran ba. Ta buɗe kwali ɗaya, ta ga sun dunƙule a kusurwa, suna hawa kan juna, na ƙasa sun daina motsi. Cikin mota ya yi sanyi kamar randa. Ta zagayo gaba, ta kai bayan hannu kusa da inji, ta ji yana huci. Duk zafin da aka yi mata alkawari ga shi nan, a inda ba a buƙatarsa.

"Ruhe shi," ta ce.

Injiniya ya rufe bonet. Ta ninka bargo biyu ta shimfiɗa a kai, ta taɓa ta ji ɗumin ya yi daidai, ita da Labbo suka jera kwalaye shida. Saura abin rufewa daga sama, iska na kaɗawa. Ta dubi mijinta daga hula har takalmi.

"Tuɓe rigar ga."

"Hajiya, a bakin titi?"

"Tuɓe."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Injiniya Alhaji Sirajo, Likitan Ƙarfe, ya tsaya a kan hanyar Argungu daga shi sai singileti da wando da hula, hannu a hammata, haƙora na kaɗawa, 'yan tsaki kuwa na cikin shadda mai aiki. A hankali kukansu ya fara sauka. Wata bas ta taho daga Birnin Kebbi, ta rage gudu, wani ɗan Badariya ya leƙo ta taga.

"Injiniya! Lafiya?"

Hannunsa ya ɗaga da kansa, bakinsa ya buɗe da kansa. "Gwaji muke yi!"

Ƙarfe ba ya riƙe zafi har abada. Kafin bonet ya huce Labbo ya tare wani mai keken ɗaukar albasa, aka ɗora kwalaye a baya, naɗe cikin bargo da babbar riga. Baiwa ta hau ta zauna a kan buhu ta rungume su. Ba ta ce masa sai ka zo ba, ba ta ko waiwayo ba. Wannan ya fi miyar ƙona shi.

Injiniya ya kira Job a waya. Ya ce mota ta ɗan samu tangarɗa. Job ya ce yana da aiki a hannu, amma zai same shi Argungu da la'asar. Bai tambayi komai ba.

Labbo mutumin kirki ne. Da ya gama ban-ruwa ya kawo shanun amalankensa biyu, aka ɗaura igiya. Injiniya ya shiga ya kama sitiyari. Rana ta ɗaga, ta daki rufin mota, zafin da ya nema da safe ya zo masa kyauta, har ya yi yawa. Awa huɗu yana kallon wutsiyar shanu. Da suka zo kwanar shiga gari, sai ya ga hannunsa ya kunna sigina.

Amma kada a ɗauka zaman banza ya yi. Cikin awa huɗun nan ya tsara jawabi. Gurɓataccen mai zai fara ɗora wa laifi, sannan ramukan hanya, sannan robar zamani da ba ta da ƙwari, ya rufe da cewa ko a Jamus irin wannan na faruwa. Ya maimaita shi sau uku, ya yi kyau ƙwarai.

A ƙofar gidan su Ma'u jama'a sun taru, don ba kullum ake ganin suruki ya zo gaisuwa da shanu a gaba ba. Rigarsa na shanye a kan katanga, kore a gaba, sauran jikin kuma 'yan tsaki sun sa mata hannu. Daga ɗakin kiwo ana jin 'yar tsiwar nan ta jin daɗi, waɗanda suka rayu sun sha ruwa sun kewaye tukwanen gawayi. Baiwa na zaune a dakalin zaure, da roba a gabanta an rufe da tsumma. Ya matsa, ta ɗaga tsumman. Talatin da huɗu ne, ƙafafu a miƙe.

"Ba motarka ad damuwata ba," ta ce a hankali, yadda ba mai ji sai shi. "Kuma ba rashin sani na ba, kowa na da abin da bai sani ba. Amma ka ji su suna kuka, Alhaji. Na roƙe ka. Ka ji."

Kunya ta kama shi, ta gaske, ba irin ta singileti ba.

Daidai nan Job ya sauka daga kan babur da jakar sifanu. Ya gaisa da mutane, ya buɗe bonet. Ya ga robar keke. Ya ga koren ɓawon da ya bushe a bakin lagireto. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya ga mai ya haɗe da ruwa ya zama kamar kunu. Ya sa sifana ya gwada juya inji, ko gezau. Dattijuwa ta gama aiki, kuma ya san abin da ya kashe ta tun daga warin. Amma ya dubi dattijo tsaye cikin singileti a gaban surukansa, sai tausayi ya kama shi, ya buɗe masa ƙofar fita.

"Yallaɓai," ya ce da ladabi, yadda kowa zai ji, "kai ka san ta. Me ya same ta?"

Surukai sun matso, Labbo ya jingina da sa, har Ma'u ta leƙo daga zaure. Ga fili, ga masu sauraro, ga jawabi a shirye tun daga gurɓataccen mai har Jamus. Injiniya ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Ya ɗaga yatsan nan mai kanta, sai idonsa ya sauka a kan robar da ke gaban Baiwa.

Yatsan ya sauko.

"Ni as same ta, Job," ya ce.

Job ya rufe bonet a hankali. Shekara da shekaru Injiniya na gano ciwon motoci, wannan ne karo na farko da bakanike ya duba ya tarar haka ne.